Kyamarar Auna Gudun Mota: Yadda Take Aiki, Amfaninta da Yadda Jama'a Ke Kallonta

1.0 Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Fagge, wadda ta ƙunshi unguwar Fagge da Sabon Gari, ita ce cibiyar cinikin birnin Kano. A cikinta ne ake samun Kantin Kwari, da kasuwar Singa, da kasuwar Sabon Gari wadda aka raɗa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, da tashar manyan motoci ta New Road inda ake lodin fasinjoji zuwa kudancin ƙasar nan. Titunan da suka ratsa wannan yanki, irin su titin Murtala Muhammad da na Ibrahim Taiwo da na IBB da na Katsina, hali biyu gare su. Da rana cunkoso ne: ga a-daidaita-sahu, ga masu baro, ga 'yan dako, ga masu tafiya a ƙasa, mota tana tafiyar hawainiya. Da dare kuwa, ko da sassafe kafin kasuwa ta buɗe, sai titi ya zama fili, direba ya taka mota iya son ransa, alhali masu tsallakawa ba su ƙare ba.

Ɗaya daga cikin dabarun da ƙasashe da dama suka rungumo domin hana gudun wuce sa'a ita ce kyamarar auna gudu, wato na'urar da ake kafawa a gefen titi, ta auna saurin kowace mota, ta ɗauki hoton wadda ta wuce ƙa'ida, a aika wa mai ita takardar tara. Wannan maƙala za ta yi bayanin dalilin da ya sa gudu yake kisa, da yadda na'urar take aiki, da abin da bincike ya gano game da amfaninta, da dalilin da ya sa jama'a suke yawan ƙin jininta. Daga ƙarshe za a dubi sharuɗɗan da sai sun cika kafin irin wannan na'ura ta yi wani amfani a titunan Fagge da Sabon Gari.

2.0 Girman Matsalar

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. In aka yi la'akari da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane sashe na duniya asarar rayuka, duk da cewa ita ce mafi ƙarancin motoci. A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, ta ƙidaya mutuwar fiye da mutum 5,000 a shekarar 2023, haka kuma a 2024. Wannan adadi na haɗurran da labarinsu ya kai ga hukumar ne kawai. A rahotanninta na shekara-shekara, gudun wuce sa'a ne yake zuwa na farko cikin musabbaban haɗari.

3.0 Me Ya Sa Gudu Yake Kisa?

Amsar tana cikin ilmin lissafi da na kimiyyar motsi. Duk abin da yake tafiya yana ɗauke da ƙarfin motsi, kuma wannan ƙarfi ba ya ƙaruwa kafaɗa da kafaɗa da gudu. Ana samun sa ne ta hanyar ninka gudun da kansa, sa'an nan a ninka da rabin nauyin abin. Ma'ana, in gudun mota ya ninka biyu, ƙarfin da za ta daki mutum da shi ya ninka huɗu. In gudun ya ninka uku, ƙarfin ya ninka tara.

Domin fahimtar wannan, sai a kwatanta dukan mota da faɗowa daga sama. Wanda mota ta buge tana gudun kilomita 30 a awa, tamkar ya faɗo ne daga tsayin mita 3 da rabi. In tana gudun kilomita 50, tamkar ya faɗo daga kusan mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. In kuwa kilomita 80 take yi, tsayin ya kai mita 25. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yiwuwar mutuwar mai tafiya a ƙasa tana ninkawa sau 4 da rabi idan gudun motar da ta buge shi ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65.

Abu na biyu shi ne tazarar tsayawa. Mota ba ta tsayawa a inda direba ya hangi haɗari. Da farko akwai ɗan lokacin da ido zai gani, ƙwaƙwalwa ta fahimta, ƙafa ta kai kan birki. A ɗauka wannan zai ci sakan ɗaya da rabi. Bayan haka sai tafiyar da mota za ta yi tayoyinta suna cizon kwalta kafin ta tsaya cak. A kan busasshen titi, da birki mai kyau, lissafin zai kasance kamar haka:

Kilomita 30 a awa: mita 12.5 kafin a taka birki, mita 5 na birki, jimla mita 17.5.
Kilomita 50 a awa: mita 21 kafin a taka birki, mita 14 na birki, jimla mita 35.
Kilomita 60 a awa: mita 25 kafin a taka birki, mita 20 na birki, jimla mita 45.
Kilomita 80 a awa: mita 33 kafin a taka birki, mita 35 na birki, jimla mita 68.

Alal misali, a ce motoci biyu suna tafe a titin Katsina, ɗaya tana gudun kilomita 50, ɗaya 60, sai yaro ya faɗo titi mita 35 a gabansu. Mai gudun 50 za ta tsaya daidai gaban yaron. Mai gudun 60 kuwa za ta riske shi tana kan gudun kimanin kilomita 42 a awa. Bambancin kilomita 10 a kan maleji, wanda direba ba ya ko jin sa a jikinsa, shi ne ya raba tsakanin firgita da gawa. Ribar da mai gudun 60 ya ci a tafiyar kilomita biyu kuwa sakan 24 ce kacal. Lalle masu iya magana sun yi gaskiya da suka ce sauri ya haifi nawa.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Göran Nilsson, ya tattara wannan dangantaka cikin ƙa'ida guda da masu binciken hanyoyi suke amfani da ita har yau. Ƙa'idar ta nuna cewa in matsakaicin gudun motoci a kan wani titi ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, haɗurran da ake rasa rai a cikinsu za su ƙaru da kimanin kashi 4 cikin 100. Haka abin yake in aka juya shi: rage matsakaicin gudu daga kilomita 60 zuwa 55 yana iya rage irin waɗannan haɗurra da kusan kashi 30 cikin 100. Wannan shi ne ginshiƙin da aka gina hujjar kafa kyamara a kansa. Ba a bukatar ta mayar da direbobi waliyyai. In ta sa kowa ya ɗan ɗaga ƙafa, ta biya kuɗinta.

4.0 Yadda Na'urar Take Aiki

Hanyoyi uku ne aka fi bi wajen auna gudu.

Ta farko ita ce hanyar rada, wadda ta dogara a kan abin da masanin ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana a shekarar 1842. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi motar asibiti ta wuce tana jiniya, zai lura cewa ƙarar takan yi siririya sa'ad da motar take tahowa, ta yi kauri bayan ta wuce. Dalili shi ne igiyoyin sauti suna matsuwa a gaban abin da yake tahowa, suna miƙewa a bayansa. Haka igiyoyin rediyo suke. Na'urar rada tana harba igiyar rediyo mai kaɗawa kimanin sau biliyan 24 a sakan, igiyar ta daki mota ta dawo. In motar tana tahowa da gudun kilomita 50, kaɗawar igiyar da ta dawo za ta ƙaru da kimanin 2,200 a sakan. In 60 take yi, ƙarin zai kai kimanin 2,700. Daga wannan bambanci ne kwamfutar da ke cikin na'urar take fitar da gudun motar.

Ta biyu ita ce hanyar hasken lesa. Na'urar tana harba ɗigon haske da ido ba ya gani, sau da yawa a cikin sakan, tana auna lokacin da kowanne ya ɗauka kafin ya dawo. Da haka take sanin nisan motar a kowane lokaci, daga yadda nisan yake raguwa kuma ta san gudunta. Fifikon wannan hanya shi ne hasken siriri ne, yana iya ware mota guda a cikin jerin motoci.

Ta uku ita ce auna matsakaicin gudu. Akan kafa kyamara biyu, ɗaya a farkon titi, ɗaya a ƙarshensa, kowacce ta karanta lambar mota ta rubuta lokacin wucewarta. Sai a raba nisan da lokacin. In tsakaninsu kilomita biyu ne, ƙa'ida kuma kilomita 50, bai kamata mota ta isa kafin sakan 144 ba. Wadda ta isa cikin sakan 100, gudun kilomita 72 ta yi, ko da ta rage gudu a gaban kowace kyamara. Ƙasar Italiya ta fara amfani da irin wannan tsari a manyan hanyoyinta a shekarar 2005.

Abin mamaki, wanda sunansa ya fi shahara a tarihin wannan na'ura gwanin gudu ne. Maurice Gatsonides, ɗan ƙasar Holan wanda ya lashe tseren motoci na Monte Carlo a 1953, ya ƙera ma'auni ne domin ya san saurinsa a kan kwana, ya ƙara ƙwarewa. A 1958 ya kafa kamfanin Gatsometer, 'yan sanda suka zama manyan masu sayen kayansa.

5.0 Shin Tana Rage Haɗari?

Birtaniya ta kafa kyamarorinta na farko a yammacin Landan a shekarar 1992. Faransa kuwa ta shiga aikin gadan-gadan bayan Shugaba Jacques Chirac ya sanya kiyaye haɗurra cikin manyan ayyukan gwamnatinsa a 2002. A ƙarshen 2003 aka fara kafa na'urori masu aiki da kansu, hotunan suna tafiya kai tsaye zuwa cibiya guda a birnin Rennes, daga can takardar tara ta tashi zuwa gidan mai mota. A 2002 sama da mutum 7,000 ne suka mutu a hanyoyin Faransa. A 2010 adadin ya sauko ƙasa da 4,000. Ba kyamara kaɗai ta yi wannan aiki ba, domin motoci da hanyoyi da asibitoci duk sun inganta a tsakanin, amma raguwar matsakaicin gudu a duk faɗin ƙasar ta taka babbar rawa.

A 2010 ƙungiyar Cochrane, wadda ta shahara wajen tace binciken lafiya, ta tattara nazarce-nazarce 35 da aka yi a kan wannan batu. Ta gano cewa a wuraren da aka kafa kyamara, yawan motocin da suke wuce ƙa'ida ya ragu da kashi 14 zuwa 65 cikin 100, haɗurra baki ɗaya sun ragu da kashi 8 zuwa 49, waɗanda aka mutu ko aka ji mummunan rauni a cikinsu kuwa sun ragu da kashi 11 zuwa 44. Masu nazarin sun ja hankali cewa ingancin binciken da suka tattara matsakaici ne, kuma galibinsa daga ƙasashe masu arziki ya fito. Duk da haka, sakamakon ya fuskanci alƙibla guda.

A nan akwai darussa biyu da ya kamata ɗalibin kimiyya ya riƙe.

Na farko shi ne abin da masana ƙididdiga suke kira komawa ga matsakaici, wanda Francis Galton ya bayyana a shekarun 1880. A ɗauka akwai wata mahaɗa da akan yi haɗari 4 a shekara. Wata shekara, bisa tsautsayi, sai aka yi 9. Hankalin hukuma ya tashi, ta kafa kyamara. Shekara mai zuwa aka yi 3. Mai gaggawa zai ce kyamara ta hana haɗari 6. Amma ko ba a kafa kome ba, da adadin zai koma kusa da 4 da ya saba. Aikin kyamarar na haƙiƙa bai wuce haɗari ɗaya ba. Wannan ya faru a Birtaniya: rahoton hukuma na 2005 ya nuna raguwar kashi 42 cikin 100 na mace-mace da munanan raunuka a wuraren kyamara, amma da aka tace wani sashe na alƙaluman sai aka ga kaso mai yawa na raguwar komawa ga matsakaici ne. Abin da ya saura bayan tacewa shi ne amfanin gaskiya, kuma bai zama sifili ba. Saboda haka duk mai son auna irin wannan aiki sai ya tattara alƙaluman shekaru da dama kafin kafawa, ya kuma kwatanta da wasu tituna masu kama da wannan da ba a kafa musu kome ba.

Na biyu shi ne abin da za a iya kira tsallen kwaɗo. Direban da ya san inda kyamara take yakan taka birki in ya zo gabanta, ya saki mota in ya wuce. Shi ya sa tasirin kyamarar da aka kafe wuri guda ya fi ƙarfi a 'yan ɗaruruwan mitoci da ke kewaye da ita. Maganin wannan shi ne auna matsakaicin gudu, ko kuma kyamarar tafi-da-gidanka da ake canza mata wuri.

Sirrin tasirin na'urar kuwa tsohuwar magana ce. Tun a 1764 masanin shari'a na Italiya, Cesare Beccaria, ya nuna cewa tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci hana laifi. Ma'aikacin hanya yana gajiya, yana tashi daga aiki, ana iya roƙonsa, ana iya yi masa barazana da sunan wani babba. Kyamara ba ta barci, ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san ɗan dako ba.

6.0 Yadda Jama'a Suke Kallonta

In amfanin na'urar ya tabbata haka, me ya sa ake ƙin ta? Akwai dalilai huɗu da suke maimaita kansu a ƙasashe daban-daban.

Na farko, tara ana ganinta, ran da aka ceta kuwa ba a ganinsa. Wanda aka ci tararsa ya san ranar, ya san adadin, zai kuma ba da labari a majalisa. Yaron da mota ba ta buge ba, shi da iyayensa ba su san an cece shi ba. Na biyu, yawancin direbobi suna ɗaukar kansu gwanaye, suna ganin doka don wasu aka yi ta. Na uku, zargin cewa hukuma kuɗi take nema, ba lafiyar jama'a ba. Na huɗu, ƙa'idar gudun da mutane suke ganin ba ta dace da titin ba.

Faransa, wadda ta ci ribar kyamara fiye da yawancin ƙasashe, ita ce kuma ta ga fushin jama'a ƙarara. A watan Yuli na 2018 gwamnati ta rage ƙa'idar gudu a ƙananan hanyoyin karkara daga kilomita 90 zuwa 80. Da zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa ta ɓarke a ƙarshen shekarar, kyamarori suka zama abin huce haushi, har ministan cikin gida, Christophe Castaner, ya bayyana a Janairun 2019 cewa an lalata ko an rufe kusan kashi 60 cikin 100 na kafaffun na'urorin ƙasar. A Ruwanda, inda mutanen Kigali suka laƙaba wa kyamarorin suna Sofiya, koke-koken direbobi a kan yawan tara da ƙarancin ƙa'idar gudu sun kai har Shugaba Paul Kagame ya nemi 'yan sanda su sake duba lamarin a watan Nuwamba na 2021.

Wasu ƙasashe sun nemi maganin wannan zargi. Birtaniya ta riƙa shafa wa kyamarorinta fenti ruwan ɗorawa domin a hange su daga nesa, a 2007 kuma ta soke tsarin da ya ba masu kula da kyamarori damar biyan kuɗin aikinsu daga cikin tarar da suka tara. Suwidin, wadda majalisarta ta amince a 1997 da manufar kawar da mutuwa a kan hanya baki ɗaya, tana sa allon gargaɗi kafin kowace kyamara. Hikimar ita ce, kyamarar da ta ci nasara ita ce wadda kuɗin da take tarawa yake raguwa kullum, domin masu karya doka sun ragu.

7.0 In Aka Dawo Gida

Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari, da kilomita 100 a manyan tagwayen hanyoyi. A watan Fabrairu na 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu a jikin injinsu. A Fabrairun 2025 gwamnatin Jihar Legas ta sanar da kafa kyamarorin auna gudu a Alapere, inda ƙa'ida kilomita 80 ce, da titin Mobolaji Bank Anthony, inda ƙa'ida 60 ce, tare da tarar Naira 50,000 ga wanda ya wuce. Ke nan maganar ta riga ta shigo ƙasar nan.

A Kano, an kafa hukumar KAROTA a 2012 domin kula da zirga-zirgar ababen hawa, an kuma hana ɗaukar fasinja a kan babur a Janairun 2013, abin da ya sa a-daidaita-sahu ta zama babbar abin hawan talaka. Yajin aikin da direbobinta suka yi a 2021 da 2022 a kan kuɗin haraji da na rajista ya nuna yadda maganar kuɗi take da zafi tsakanin masu abin hawa da hukuma. Duk wani sabon tsarin tara a cikin wannan yanayi zai sauka. Domin haka akwai sharuɗɗa biyar.

Na farko, zaɓen wuri. A bakin Kantin Kwari ko 'Yan Kura da rana tsaka, babu mai iya gudun kilomita 50, balle ya wuce shi. Matsalar can ita ce cakuɗuwar mutane da motoci, da kasa kaya a kan titi, da tsayawa barkatai, da bin hannun da ba na mutum ba. Maganinta wurin tafiyar ƙasa ne, da wurin tsallakawa, da tashoshin sauke fasinja. Sanarwar taron duniya na Stockholm na 2020 ta ba da shawarar kilomita 30 a duk inda mutane da motoci suke cakuɗuwa, kuma a ƙananan layukan Sabon Gari tudun rage gudu zai yi wannan aiki da araha, ba ya bukatar lantarki. Wurin kyamara shi ne miƙaƙƙen titi mai faɗi: titin Katsina, titin filin jirgin sama, da gadar sama ta titin Murtala Muhammad, musamman gangarenta, inda motar da ta sha gudu a sama take saukowa cikin jama'a.

Na biyu, lambar mota da adireshi. Kyamara hoto kawai take ɗauka. In lambar ta goge, ko an rufe ta, ko babu ita, ko kuwa an sayar da motar hannu uku ba a canza suna ba, takardar tara ba ta da inda za ta je. In kuma wasu suna yawo da rufaffiyar lamba ba mai taɓa su, to adalcin da aka yi taƙama da shi ya rushe tun daga tushe.

Na uku, ingancin na'ura. Tana bukatar wutar da ba ta yankewa, da mai goge mata ƙurar hunturu, da gwaji lokaci-lokaci daga wata hukuma mai zaman kanta da za ta tabbatar ma'auninta daidai yake. A titin da mota da babur da a-daidaita-sahu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, wajibi ne na'urar ta iya nuna wanda ta auna ba tare da shakka ba.

Na huɗu, adalcin tara. Adadin da attajirin Kwari ba zai ji a jikinsa ba yana iya cinye cinikin kwanaki na direban haya. Ya kamata tara ta bi girman laifi, a fara da watannin gargaɗi, a nuna wa mutum hotonsa, a kuma ba shi hanyar ƙorafi mai sauƙi.

Na biyar, bayyana gaskiya. A kafa alluna da Hausa da Turanci masu nuna ƙa'idar gudu da wurin kyamara. A bayyana dalilin zaɓen kowane wuri, da adadin haɗurra kafin kafawa da bayanta, da abin da aka tara, da inda aka kashe shi. In mutanen Fagge suka ga kuɗin tara ya zama fitilar titi da wurin tsallakawar 'yan makaranta, zargi zai ragu. A nan jami'o'i suna da rawar takawa, domin auna gudun motoci da tattara alƙaluman asibitoci aiki ne da ɗaliban injiniya da na ƙididdiga da na likitanci za su iya yi.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ƙarin gudu kaɗan yana haifar da ƙarin mutuwa mai yawa, kuma kyamarar auna gudu tana rage haɗari in an kafa ta a inda ya dace, ko da yake amfaninta bai kai yadda alƙaluman farko sukan nuna ba. An kuma ga cewa ƙarfinta yana rataye ne a kan abubuwan da ba sa cikin akwatinta: rajistar motoci sahihiya, ƙa'idar gudu mai ma'ana, doka guda ga kowa, da amincewar jama'a. Inda waɗannan suka samu, na'urar takan ceci rayuka. Inda babu su, takan zama ƙarfe a kan turke, ko kuma sabon abin faɗa tsakanin direbobi da hukuma.

Tambayoyin Bita

1. Mota ta ƙara gudu daga kilomita 40 zuwa 80 a awa. Sau nawa ƙarfin motsinta ya ninka?
2. Tsakanin kyamara biyu kilomita 3 ne, mota ta ratsa cikin minti 2 da rabi. Nawa ne matsakaicin gudunta?
3. A yi bayanin komawa ga matsakaici, tare da misali daga harkar noma ko ta kasuwa.
4. A zaɓi titi ɗaya a Fagge ko Sabon Gari, a kawo hujjar ko kyamara ce ta fi dacewa da shi ko tudun rage gudu.